Yanayin Siginar Rediyo da Haɗuwar Na'urori a Sadarwar Gayya



Abin da zan yi magana a kansa shi ne wani nau'i na sadarwa ta rediyo wanda ba shi da turke, ba shi da babbar tasha, da kuma yadda halin da sigina take shiga a kan hanyarta yake sa na'urorinsa su haɗu ko su rabu. Amma kafin mu shiga ciki tilas mu daidaita a kan suna, gama abin da ba shi da suna wuyar tattaunawa gare shi.

Wayar hannun da ke aljihun kowannenmu ba ta magana da 'yar'uwarta kai tsaye. Ko da mutum biyu suna zaune a benci ɗaya, in ɗayansu ya kira ɗaya, sai muryar ta tafi turken kamfani tukuna, sa'an nan ta komo. In turken nan ya faɗi, ko aka kashe shi, to wayoyin duka sun zama kurame. Nau'in da muke nufi yau dabam yake. A cikinsa kowace na'ura mai aikawa ce, mai karɓa ce, kuma 'yar aike ce. In saƙo zai tafi nesa, sai wannan ta miƙa wa ta kusa da ita, ita ma ta miƙa wa ta gaba, har ya isa. Masana suna kiran wannan tsari da kalmomin Latin guda biyu, ad hoc, watau abin da aka shirya domin buƙatar da ta taso. Ni kuwa ina ganin sunan da ya fi dacewa da shi a Hausa shi ne sadarwar gayya, domin a aikin gayya babu ɗan ƙwadago, babu mai biya. Kowa ya zo da fartanyarsa, yau a gonarka, gobe a tawa. Tafiyar saƙo daga wata na'ura zuwa ta gaba kuma zan kira ta zango, bisa ma'anar da fatake suka san kalmar da ita.

Abin ba sabo ba ne. A 1971 Jami'ar Hawai ta soma aiki da tsarin ALOHA, wanda Norman Abramson ya jagoranta, inda aka riƙa aika saƙonnin kwamfuta ta rediyo a ƙananan ƙunshi-ƙunshi, ko da yake shi wannan yana da babbar tasha a tsakiya. A 1973 hukumar bincike ta ma'aikatar tsaron Amurka, DARPA, ta fara aikin rediyoyin da za su riƙa miƙa wa juna irin waɗannan ƙunshi, aka gwada su a yankin San Faransisko. Dalilin soja a fili yake: a fagen fama ba a samun turke a kafe. Daga baya abin ya fita daga hannun soja. A 2004 masu bincike na Jami'ar Princeton suka ɗaura wa jakunan dawa irin waɗannan na'urori a wuya a ƙasar Kenya, domin a san inda suke yawo, kowace dabba tana karɓar bayanin 'yar'uwarta in sun kusanci juna. A 2014 kuma masu zanga-zanga a Hon Kon suka yi ta amfani da manhajar FireChat, wadda take haɗa waya da waya ba tare da turke ba.

To, tambayar da ke gaban duk mai son kafa irin wannan tsari ita ce: yaushe za a ce na'urorin nan suna haɗe? Ma'anar haɗuwa a nan ita ce a sami hanya daga kowace na'ura zuwa kowace, ko da ta zango goma ce. In guda ɗaya ta ware ba ta jin kowa, ko kuwa taron ya rabu gida biyu ba mai jin wani, haɗuwa ba ta cika ba.

Wanda ya fara aza wannan tambaya a kan ma'aunin lissafi shi ne Edgar Gilbert na ɗakin binciken kamfanin Bell, a 1961. Ya ce a ƙaddara an watsa tashoshi a fili kamar yadda manomi yake watsa iri, kowace a zana mata da'ira; duk tashar da ta faɗo cikin da'irarka maƙwabciyarka ce, kuna jin juna, wadda ke waje kuwa ba ku ji. Abin da ya fito daga wannan yana da ban sha'awa. Muddin maƙwabta kaɗan ne, sai a ga tashoshin sun zama ƙananan tsibirai. Ana ƙara faɗin da'ira, sai a kai wani matsayi da tsibiran za su haɗe farat ɗaya su zama ƙasa guda. Lissafin kwamfuta da aka yi daga baya ya nuna wannan matsayi yana wajen maƙwabta 4.5 ga kowace tasha, in an yi raba-daidai.

Amma fa ƙasa guda ba ta nufin kowa ya shiga. Akwai waɗanda za su rage a gefe. In kowace na'ura tana da maƙwabta 5 a raba-daidai, lissafi ya nuna kimanin 7 cikin kowace 1,000 za su wayi gari ba su da maƙwabci ko ɗaya. A tsarin na'urori 100, wannan kusan canki-canki ne, ko a sami wadda ta ware ko kada a samu. A tsarin na'urori 1,000 kuwa kusan tabbas ne za a samu. Sai an kai maƙwabta 10 kafin tsarin 1,000 ya zama da wuya a sami warewa a cikinsa. A 1978 Leonard Kleinrock da John Silvester sun lissafa cewa maƙwabta 6 ne suka fi dacewa da saurin tafiyar saƙo, mutane kuwa suka riƙe wannan adadi kamar laya, har suna ɗora masa abin da masu shi ba su faɗa ba. A 2004 Feng Xue da P. R. Kumar suka tabbatar da cewa, in haɗuwa ake nufi, babu wani adadi guda da zai isa. Yawan maƙwabtan da ake bukata yana ƙaruwa sannu a hankali gwargwadon girman tsarin.

Duk wannan lissafi a kan da'ira yake tsaye. Matsalar kuwa ita ce, jama'a, rediyo ba ta san da'ira ba.

Abu na farko da ke cin sigina shi ne nisa, kuma wannan kowa ya sani, sai dai ba kowa ya san yawan cin ba. A sararin da babu kome, bisa ƙa'idar da Harald Friis ya bayar a 1946, in nisa ya ninka biyu, ƙarfin da ke isa ga mai karɓa yakan koma kashi 1 cikin 4. Amma na'urorin gayya ba a sararin sama suke ba. A hannu suke, ko a mota, ko a gindin itace. Kusa da ƙasa, igiyar da ta taho kai tsaye takan gamu da wadda ta bugi ƙasa ta taso, su rage wa juna ƙarfi, har in an yi ɗan nisa ninki biyu na tazara ya mayar da ƙarfin kashi 1 cikin 16. Watau mai son muryar na'urarsa ta kai mita 200 maimakon 100, sai ya ƙara mata ƙarfi sau 16, batir kuwa ba ya yafe wannan. A nan ne hikimar gayya take: in aka raba tafiyar zango biyu, kowane zango kashi 1 cikin 16 na ƙarfin yake bukata, biyun a haɗe kashi 1 cikin 8 ke nan. Haka nan a shimfiɗaɗɗen fili, in aka ninka tsawon eriyar mai aikawa da ta mai karɓa daga ƙasa, ribar da za a samu daidai take da ƙarin ƙarfin nan sau 16. Sau da yawa gora mai tsawo ta fi babban batir amfani.

Abu na biyu shi ne inuwa, kuma a kansa nake so mu ɗan daɗe. Kamar yadda katanga take tare hasken rana, haka tudu, da gini, da kurmi suke tare sigina, ko su rage ta. Katangar ƙasa mai kauri tana sha, rufin kwano yana mayarwa, ganye mai ruwa yana ci. Jikin ɗan Adam ma, da yake yawancinsa ruwa ne, yana tare irin siginar da Wi-Fi ke aiki da ita, shi ya sa tsarin da aka gwada a filin da babu kowa yakan canja hali ranar da filin ya cika da jama'a. Haka kuma haɗin da ya yi kyau da rani, sa'ad da itatuwa suka kaɗe, yana iya yankewa da damina. Mutane sukan ɗora laifin a kan ruwan sama, alhali kuwa ɗigon ruwa ba ya yi wa sigina wata ɓarna ta a-zo-a-gani sai an haura gigahaz 10, su kuwa waɗannan na'urori yawancinsu a ƙasa da haka suke aiki. Ganyen da ruwan ya fito da shi, shi ne mai laifin.

Injiniyoyi suna auna ƙarfin sigina da ma'aunin desibel: desibel 3 kusan ninki biyu ne, desibel 10 ninki goma. Awon da aka yi ta yi a birane da karkara ya nuna cewa, in ka tsaya a wurare dabam-dabam masu nisa ɗaya daga mai aikawa, ƙarfin da za ka samu yakan yi sama ko ƙasa da abin da lissafin nisa ya ce, da kimanin desibel 4 zuwa 12, gwargwadon wurin. Mu ɗauki 8. Desibel 8 ya ɗara ninki shida. Na'urar da aka ce tana kai mita 100, ta fuskar da hanya ta buɗe mata za ta kai wajen mita 160, ta fuskar da aka tare ta kuwa da ƙyar ta wuce 60. Saboda haka abin da ke kewaye da na'ura bai yi kama da da'ira ba. Ya fi kama da tabon man ja a riga, nan ya miƙe, can ya tsuke, wani wurin ma da rami a tsakiya.

Abu na uku shi ne amsa-kuwwa. Duk wanda ya taɓa sauraron labarai a gajeren zango da dare (a nan zangon 'yan rediyo nake nufi, ba na fatake ba) ya san yadda muryar mai karatu take tasowa, ta dusashe, ta sāke tasowa, ba tare da an taɓa akwatin ba. Dalili shi ne igiyar tana isowa ta hanyoyi fiye da ɗaya, wata ta riga wata, wani lokaci su taru su ƙarfafa juna, wani lokaci su kashe juna. Abin nan shi ne yake faruwa tsakanin gine-gine, sai dai a ƙanƙanin wuri. A gigahaz 2.4 tsawon igiya guda santimita 12.5 ne kawai, don haka gusar da na'ura da faɗin tafin hannu ya isa ya fitar da ita daga wuri mai kyau ya jefa ta inda ƙarfin ya ragu sau 100. Ko na'urar ba ta motsa ba, in mota ta wuce ko aka buɗe ƙofar ƙarfe, lissafin ya canja.

Da aka fita daga kan takarda aka auna, abin da aka gani ya ba mutane da yawa kunya. A garin Kambirij na jihar Masacusets, ɗalibai da malaman MIT sun kafa wani tsari mai suna Roofnet, suka ɗora eriya a kan rufin gidaje. A 2004 suka bayyana awon da suka yi a kan na'urori 38. Lissafin da'ira yana cewa haɗi iri biyu ne, mai kyau da babu. Su kuwa suka tarar yawancin haɗin a tsaka-tsaki yake: wannan yana isar da rabin abin da aka ba shi, wancan kashi 7 cikin 10, wani kashi 2. Suka kuma tarar nisa ba ya faɗa maka yadda haɗi zai kasance, suka fi zargin amsa-kuwwa. Masu auna ƙananan na'urorin da ake watsawa a fili su ma sun ga haka a 2003 da 2004: kusa-kusa akwai yankin tabbas, can nesa yankin shiru, a tsakaninsu kuwa wani faffaɗan yanki na shakka, inda maƙwabcinka na yanzu baƙo ne an jima. Har ma akan sami haɗi mai fuska ɗaya, wannan tana jin waccan, waccan ba ta jin wannan, ko don bambancin ƙira, ko don ɗayar tana zaune cikin hayaniya.

Yanzu mai sauraro zai ce, to, ashe inuwa ɓarna ce tsantsa, kuma tsarin gaskiya kullum zai kasa na lissafi. A nan ne abin mamakin yake. Christian Bettstetter da Christian Hartmann a Munik ta Jamus, a 2003, da kuma Ramin Hekmat da Piet Van Mieghem a Delft ta Holan, sun sa wannan hawa-da-sauka na inuwa a cikin lissafi, sai suka ga yana ƙara haɗuwa, ba rage ta yake yi ba. Dalilin ba shi da wuyar ganewa. A ƙaddara da'irar mita 100 tana ɗauke da na'urori 10. Zoben da ke kewaye da ita, daga mita 100 zuwa 200, faɗinsa ya ninka nata uku, don haka na'urori 30 ne a cikinsa. In inuwa ta raba ka da 2 daga cikin 10 na kusa, amma buɗaɗɗiyar hanya ta ba ka ko da 1 cikin kowace 10 na zoben, ka yi asarar 2, ka sami 3. Na nesa sun fi na kusa yawa, shi ya sa riba take rinjayar asara. Bugu da ƙari, maƙwabcin nesa ya fi na kusa daraja wajen haɗuwa. Maƙwabtanka na kusa galibi sun riga sun san juna, rasa ɗayansu ba ya yanke ka da kowa; shi kuwa na nesa yana iya zama gada tsakanin tsibirai biyu. Mun san haka a zaman duniya: 'yar da aka aurar wani gari ta fi wadda aka aurar a bayan gida faɗaɗa zumunci.

Ni dai a ganina wannan sakamako gaskiya ne, amma a riƙe shi da hannu biyu. Lissafin ya ɗauka cewa kowane haɗi da irin sa'arsa, inuwar wannan ba ruwanta da ta wancan. A ƙasa ba haka abin yake ba kullum. In dutse irin Dala ko Kufena ya shiga tsakanin taro biyu, ba haɗi ɗaya zai yanke ba, duka zai yanke a lokaci guda, kuma babu sa'ar da za ta huda dutse. Inuwar da ke taimako ita ce ta ƙananan abubuwa masu yawa a warwatse. Babbar inuwa guda ɗaya kuwa maganinta sai a ɗora na'ura a kan abin da ya kawo ta.

Akwai kuma kuɗin da ake biya. Hanyar da ta buɗe har muryarka ta kai ga aboki na nesa, ita ce dai take kai ta kunnen wanda ba da shi kake ba. Na'ura ba ta fahimtar saƙo don ƙarfinsa kawai. Sai ƙarfin ya rinjayi hayaniyar da ke kewaye, hayaniyar nan kuwa mafi yawanta maganar sauran 'yan gayya ce. Don haka ƙara wa kowa ƙarfi ba magani ba ne, kamar dai 'yan kasuwa ne kowa ya ɗaga murya, a ƙarshe ba wanda ya fi jin wani. Tun 1975 Fouad Tobagi da Kleinrock suka bayyana wata matsala da ke tattare da wannan. Na'urori suna da ladabin sauraro kafin su yi magana; in sun ji wani yana yi, sai su dakata. To, a ce Audu da Bala ba su jin juna saboda gini ya shiga tsakaninsu, amma Kande tana jinsu duka. Kowannensu zai saurara, ya ji shiru, ya soma magana, ita kuwa Kande ba za ta fahimci ko ɗaya ba. Inuwa tana yawaita irin wannan ɓoyayyen maƙwabci. A 2003 Olivier Dousse, François Baccelli da Patrick Thiran suka nuna cewa in katsalandan ya wuce wani haddi, tsarin yakan farfashe ya koma tsibirai kome yawan na'urorin, sai fa in an sa su yin magana bi da bi. Kafin su, a 2000, Piyush Gupta da Kumar sun lissafa cewa rabon kowace na'ura yana raguwa in taro ya yi yawa: in na'urori suka ninka 100, abin da kowace za ta iya aikawa na kanta yakan koma kashi 1 cikin 10, ko ƙasa da haka, domin yawancin lokacinta a aiken wasu yake ƙarewa.

Wannan sani ya canja yadda na'urori suke zaɓen hanya. Da fari ƙa'idar ita ce a bi hanya mafi ƙarancin zango, kuma a ido hakan daidai ne. Amma mai neman ƙarancin zango tilas ya zaɓi dogayen zanguna, dogayen nan kuwa su ne suke cikin yankin shakka. A 2003 Douglas De Couto da abokan aikinsa a MIT suka gwada haka a kan na'urori 29 a cikin gini, suka ga hanyar da ta fi gajarta sau da yawa ba ita ce mafi kyau ba. Suka kawo wani ma'auni: maimakon a ƙirga zango, a ƙirga sau nawa za a maimaita aike kafin ya isa kuma amsarsa ta dawo. Haɗin da ke isar da 9 cikin 10 a tafiya, 9 cikin 10 a dawowa, kuɗinsa aike 1.2 ne da 'yan kai. Wanda ke isar da rabi a tafiya, rabi a dawowa, kuɗinsa 4. Ashe ke nan gajerun zanguna uku masu kyau, da kuɗinsu bai wuce 3.7 ba, sun fi dogon zango ɗaya mai rabi-da-rabi arha.

Domin a sami waɗannan alkaluma, kowace na'ura takan yi 'yar sallama a kai a kai, maƙwabta kuma su riƙa ƙirga sallama nawa suka ji cikin nawa, su gaya wa mai yin ta. Nan ma akwai ciniki. In sallamar ta yi yawa, ita kanta ta zama hayaniya, ta cinye batir. In ta yi kaɗan, na'ura za ta yi ta aika saƙo ga maƙwabcin da ya riga ya sha kwana. Tsarin da ke kan rufin gidaje yana iya jinkirta sallamarsa, gama gida ba ya tashi. Na motocin da ke gudu a kan titi kuwa, inda maƙwabtaka ba ta wuce 'yan daƙiƙoƙi ba, an tsara shi ne kowace mota ta riƙa sanar da inda take har sau 10 a cikin daƙiƙa guda.